Yadda Ɗorawa Ke Hayayyafa da Yaɗa Irinta

Ɗorawa bishiya ce da ta yaɗu a Afirka ta Yamma, tun daga Senegal har Sudan. Masana kimiyya suna kiranta Parkia biglobosa. Robert Brown ne ya raɗa wa danginta sunan Parkia a shekarar 1826, domin tunawa da matafiyin nan Mungo Park.

Fure da barbara

Ɗorawa takan yi fure da rani. Jan curin nan da ke reto a kan dogon sili tarin ƙananan furanni ne fiye da dubu. Sukan buɗe da magariba, su tsattsafo da ruwan zaƙi mai yawa, kuma amfaninsu na dare ɗaya ne. Wannan ruwa shi ke janyo jemagu. Idan jemage ya maƙale a jikin curin yana lasa, sai ƙurar furen ta manne a gashinsa, ya kai ta wata bishiyar. Wannan shi ake kira barbara. Retowar curin nesa da rassa tana ba jemage damar isa gare shi ba tare da ya sarƙe ba. Masana biyu, Baker da Harris, sun bayyana wannan al'amari a Gana a shekarar 1957. Ƙudan zuma ma sukan taimaka da sassafe. Ɗorawa ba ta cika yin 'ya'ya da ƙurar furenta ita kanta ba, saboda haka tana bukatar 'yar'uwarta a kusa.

Yaɗuwar iri

Bayan barbara sai dogayen kwasfa su fito, su nuna gab da damina. A cikinsu akwai kalwa, wato irin, lulluɓe da gari rawaya mai zaƙi. Garin shi ne ladan mai ɗaukar iri. Birai da mutane sukan sha shi, su yar da kalwar ko su kasayar da ita nesa da uwar, inda ba za ta yi gogayya da ita wajen ruwa da hasken rana ba. Ɓawon kalwa yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, don haka takan jira sai ya ƙoƙe kafin ta tsiro.

Abin lura

A gonaki da yawa tsofaffin ɗorawa ake gani, matasa ƙalilan ne. Kalwa ta tafi tukunyar daddawa, 'yar da ta tsiro kuma garma da awaki sun gama da ita. Ga kuma sara domin itace, da kashe jemagu. Bishiyar takan shekara biyar zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya, ashe ke nan gyara ba na rana ɗaya ba ne.

Aiki ga ɗalibai

A raba kalwa arba'in gida biyu. A kankare ɓawon ashirin da wuƙa, a bar sauran yadda suke. A shuka duka, a riƙa ba su ruwa, sannan a rubuta adadin da ya tsiro kowace rana har mako uku. Waɗanda suka kama a dasa su a gonar makaranta, a kewaye su da ƙaya.