Hoton Asibiti da Haskokin da Ke Ratsa Jiki

Kalmar "hoto" a bakin masu zuwa asibiti ta haɗa na'urori iri-iri waɗanda aikinsu da haɗarinsu suka sha bamban. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu da amon sauti yake aiki, na'urar MRI kuma da maganaɗisu, don haka babu radiyeshin mai cutarwa a cikinsu. Eksire da siti-sikan su ne ke amfani da haskokin da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, waɗanda ke ratsa nama su fito da siffar ƙashi, amma a kan hanyarsu suna iya taɓa ƙwayoyin halitta, idan kuma jiki bai gyara ɓarnar daidai ba, tana iya zama sanadin ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Ana auna abin da jiki ya sha na wannan haske da ma'aunin milisibat. Kowane ɗan Adam yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin samaniya, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Hoton ƙirji bai wuce kimanin 0.1 ba, wato abin da mutum ke sha cikin 'yan makonni, alhali siti-sikan na ciki yakan kai 8 zuwa 10, kwatankwacin na shekara uku ko huɗu. Haɗarin hoto ɗaya kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda ya faɗo daga babur ya bugu a ka, sannan aka ƙi yi masa siti-sikan saboda tsoro, an jefa shi cikin haɗarin da ya fi wanda ake gudu nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne maimaici da hoton da babu dalilinsa, domin haɗarin taruwa yake yi. Sau da yawa majinyaci kan bar ambulan ɗin hotonsa a gida ya tafi wani asibiti, sai a sake ɗaukar abin da aka ɗauka makon jiya. Wani kuma shi ke matsa wa likita lamba, yana ganin in ba a yi hoto ba, ba a duba shi ba. Abin ya fi tsanani a kan yara, saboda ƙwayoyin jikinsu na saurin rarrabuwa, kuma suna da sauran shekaru masu yawa da cuta za ta iya bayyana. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 kan yaran Birtaniya ya nuna ƙaruwar sankarar jini da ƙarin ƙwaƙwalwa ga waɗanda suka fi shan hasken siti-sikan, duk da cewa adadin waɗanda suka kamu kaɗan ne.

Saboda haka ya kamata majinyaci ya adana hotunansa da sakamakonsu, ya riƙa zuwa da su duk inda za a duba shi, ya kuma tambayi likita cikin ladabi abin da hoton zai sauya a maganinsa, da ko sikanin mai amon sauti zai wadatar. Mace mai ciki, ko wadda al'adarta ta yi jinkiri, ta faɗa wa mai ɗaukar hoto tun kafin ta kwanta, kada kunya ta hana ta. Uwar da za ta riƙe yaro a ɗakin hoto ta nemi rigar darma ta sa, in kuwa tana da ciki, wani ya riƙe mata. A Najeriya hukumar NNRA ce ke ba da lasisin amfani da na'urorin eksire da siti-sikan, kuma majinyaci na da haƙƙin tambayar ko wurin da aka tura shi yana da wannan lasisi.