Amsoshin Tambayoyinku: Halin da Uigur Ke Ciki

Malam mai saurarenmu na Tudun Wada, Zariya, al'ummar Uigur da ka tambaya Musulmi ne na lardin Shinjiyan a ƙasar Sin, ma'abota ilimi tun zamanin masani Mahmudu Alkashgari. Amma daga 2017 hukumar Sin ta tsare kimanin mutum miliyan guda a sansanonin da ta kira makarantun koyon sana'a, har ya zamana tsayar da gemu, ko karantar da yaro Alƙur'ani a gida, kan zama hujjar kamu. A 2022 ofishin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da mummunan keta haddi, alhali kuwa, abin takaici, Nijeriya ta sa hannu a wasiƙar goyon bayan Sin a 2019. Malam, a sa al'ummar Uigur cikin addu'a.