Mai kiwon hawainiya a ƙasar Kabi: abin yi da abin bari

A ƙasar Kabi ba a saba ajiye hawainiya don sha'awa ba. Yara su jefe ta, manya su kauce mata, masu maganin gargajiya su busar da ita su baje a kasuwa. Sai ga shi yanzu samari suna ganin Turawa a waya ɗauke da ita a hannu, su ma su shiga lambu su kamo ɗaya su saka a kwali ko kejin tsuntsu. Yawancin waɗannan ba sa daɗewa, kuma ba yunwa ce kan fara kashe su ba. Ƙishirwa ce da busasshiyar iska. Idan ka ɗaura niyyar riƙe ta, ga sharuɗɗan, kuma babu na ragi a cikinsu.

Kada ka ce ai 'yar ƙasa ce, ta saba da zafinmu. Gaskiya ne irin da aka fi sani a wannan yanki, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, tana rayuwa a faɗin Sahel tun daga Mali har Sudan, ta bi kogin Nilu ta shiga Masar. Amma ka lura da inda ake tsintar ta: cikin lambunan gwaiba da mangwaro, da duhuwar da ke bakin fadamar gulbin Rima, daga Argungu har gangarowa Birnin Kebbi. A can ita ke zaɓa wa kanta wuri. Rana ta yi zafi ta nutsa cikin ganye, asuba ta yi ta lashi raɓa, iska ta taso ta koma bayan reshe. Ranar da ka rufe ta a keji ka ƙwace mata wannan zaɓin, inuwarta da raɓarta sun koma wuyanka.

Ka sayi ma'aunin danshi kafin ka kamo dabbar. Ƙaramar na'ura ce mai batir da ke nuna zafi da laimar iska a tare. Ka rataye ta a tsakiyar keji daidai inda hawainiyar ke kwana, ba a ƙasa kusa da ruwa ba. Abin da masu kiwo ke nema shi ne danshi ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100 da rana, ya haura 70 ko 80 da dare. Kada ka auna da fatar jikinka. A tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, danshin iskar garinmu da rana kan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya wuce 80. Keji ɗaya ne, amma kulawar damina daban, ta rani daban.

Kada ka ajiye mata kwanon ruwa ka ce ka gama. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne kisa. Hawainiya ba kaza ba ce. Galibi ba ta gane ruwan da ke kwance a matsayin abin sha. Ɗigon da ke ƙyalli a kan ganye ko yake gangarowa shi take lasa. Tana iya mutuwa da ƙishi alhali ga kwano cike a ƙarƙashinta, kwanon kuma ya zama matattarar kashi da matattun ƙwari.

In ba da damina ba, ka yi mata feshi sau biyu a kowace rana ba fashi: bayan sallar asuba kafin rana ta fito, da kuma bayan magariba. Kowane feshi ya ɗauki minti biyu zuwa uku, har ganye ya riƙa ɗiga, domin takan ɗau lokaci tana kallo kafin ta fara sha. Ganye za ka fesa, ba fuskarta ba. A hunturu da bazara ka ƙara da ɗigo: ka huda gindin robar ruwa da allura, ka ɗora a saman keji ta yadda ruwan zai riƙa sauka kan ganye ɗaya bayan ɗaya, ka sa tasa a ƙarƙashin keji ta tare abin da ya zuba. Wanda ya samu sabuwar igiyar ƙarin ruwa daga kemis ya fi samun daidaito, don tana da abin rage gudu.

Kada ka kuskura ka ɗauki abin feshin gona. A garin da kusan kowane gida ke da mai noman shinkafa, jarkar feshi tana rataye a zaure, kuma wani zai ce ai ya wanke ta. Ba ta wankuwa. Ragowar maganin ciyawa ko na ƙwari da ba za ka ji warinsa ba ya isa ya kashe dabbar da ba ta cika tafin hannu biyu ba. Ka sayi sabuwar kwalbar feshi irin ta masu aski, ka keɓe mata.

Ka kula da ruwan kansa. Na sama ya fi, idan ka tare shi a mazubi mai tsabta bayan ruwan farko ya wanke rufi. Na famfo ka bar shi ya kwana a buɗe. Kada ka ɗebo daga tankin da ya wuni a rana a watan Afrilu, don ya yi zafi sosai, kada kuma ka ɗauko daga firji. Ruwan randa shi ne daidai.

Ka cika kejin da tsiro mai rai. Ganye na fitar da laima dare da rana, yana riƙe ɗigon feshi, yana kuma ba ta maɓoya, ita kuwa dabba ce da tsoro kaɗai kan hana ta ci da sha. Dashen gwaiba ko ƙaramin ceɗiya a tukunya ya yi, haka yakuwa. Bahaushe kan ce hawainiyarka ta kiyayi ramata, amma a nan sai ka ba ta ramar da hannunka, don rama tsiro ce da ba ta cutar da ita. Kada ka saka tumfafiya, ko aguwa, ko bini-da-zugu. Ruwan jikinsu guba ne, kuma idonta ne zai fara shan wahala. Furen roba ado ne kawai, ba ya ƙara danshi ko kaɗan.

Kada ka saka ta a akwatin gilashi irin na kifi, kada kuma ka naɗe keji da leda ruf don danshi ya zauna. Nan ne mai ƙoƙari kan yi ɓarna fiye da malalaci. Zafi da laima da iskar da ba ta motsi idan suka haɗu, ciwon huhu suke haifarwa. Za ka ga ta ɗaga hanci sama, baki a buɗe, yawu mai yauƙi na taruwa, numfashi na ƙara. Wannan ya sa ake son danshi mai yawa da dare lokacin da gari ya yi sanyi, da rana kuma keji ya bushe tsakanin feshi da feshi. Keji ya zama na raga, tsayinsa ya fi faɗinsa, kamar mita ɗaya ko fiye, a ɗora shi kan tebur don ta fi samun natsuwa idan tana sama da kan mutane.

Da hunturu, ka rufe gefe biyu ko uku, musamman na arewa maso gabas inda iskar ke fitowa, ka bar sama da gaba a buɗe. Buhun algarara da aka jiƙa aka rataye a jikin raga yana aiki sosai: iska ta ratsa shi ta ɗebi laima ta kuma yi sanyi, kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa. Ka riƙa wanke buhun kana shanya shi, in ba haka ba ya yi funfuna. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ganye tana shiga idonta, saboda haka ka riƙa ɗauraye tsiron. A daren da sanyi ya tsananta kada ka jiƙa jikinta ka bar ta a iska.

Bazara ta fi hunturu haɗari. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi kan wuce digiri 40, kuma a ƙarƙashin rufin kwano abin ya fi haka. Hawainiyar da ke keji ba ta da inda za ta gudu. Ka mayar da ita ƙarƙashin bishiya mai duhu ko ɗakin ƙasa mai taga, ka ajiye randa a kusa, ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin. In ka ga ta yi fari fat tana haki, ta sauko ƙasan keji, zafi ne ya ci ƙarfinta, ka ɗauke kejin nan take. Duk da haka tana bukatar hasken rana na safe kai tsaye, wanda bai ratso gilashi ba, domin da shi jikinta ke sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi; ka ba ta hantsi, da inuwa a gefe guda.

Kada ka dogara da na'urar hazo mai aiki da lantarki. Wutar ba ta da alkawari, na'urar kuma in ba a wanke ta kullum sai ta riƙa fesa ƙwayoyin cuta. Kada ka kai ta ɗaki mai na'urar sanyaya iska, don tana tsotse laima. Fanka ma kada ta fuskance ta.

Da damina ka sassauta. Feshin safe ya wadatar a yawancin ranaku. Kada ka bar ruwa ya kwanta a ƙasan keji.

Ka nisanta ta da hayaƙi kowane iri: maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya, turaren wuta, murhu, janareto. Fara da gyaren da za ka ba ta kada su fito daga gonar da aka yi wa feshi. Ka ciyar da ƙwarin da ganye ko ɓawon kankana kafin ka ba ta, domin wani kaso na ruwan jikinta daga abincinta yake fitowa.

Ka duba kashinta kullum, ko da ƙyama. Yana fita da wani farin ɓangare a gefe. In fari ne ko ya ɗan yi ruwan madara, tana samun ruwa. In ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro, ƙishi ya kama ta. In idanunta suka faɗa ciki, abin ya yi nisa, kuma ƙoda ce ke biyo baya. Lokacin saɓa, kada ka ja fatar da hannu. Wadda ta maƙale a yatsu ko bakin wutsiya alama ce ta bushewar keji, ka gyara kejin. Wadda ke rufe ido da rana ba barci take ba, ciwo ne. Ka nemi likitan dabbobi, in ta kama har Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da tsangayar likitancin dabbobi. Kada ka ɗura mata ruwa a baki da ƙarfi, yana iya shiga huhu.

In mace ce, ka ajiye mata bokitin ƙasa mai yashi da ɗan danshi, zurfinsa kamar santimita 30. A rami take binne ƙwanta, kuma in ta rasa inda za ta tona sai ta riƙe su a ciki har su kashe ta. Kada ka haɗa biyu a keji ɗaya, ko da mace da namiji ne. Kada ka riƙa ɗaukar ta don ɗaukar hoto. Baƙin da take rikiɗewa a hannunka fushi ne da tsoro.

Kada ka sayi hawainiyar ƙasar waje don burgewa. Kusan rabin nau'o'in hawainiya na duniya a Madagaska suke, kuma da yawansu 'yan daji ne mai ruwa da ba za su jure Afrilun Kabi ba. Ga kuma doka: hawainiya na cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa wa ido, Najeriya kuma tana ciki, saboda haka ƙetara iyaka da ita ba takarda laifi ne. In ka riga ka mallaki baƙuwa, kada ka sake ta a daji. A Hawai da Fulorida na Amurka haka aka yi, hawainiyoyin suka yaɗu, a Hawai har suka zama matsala ga ƙananan halittun wurin.

Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, yana cikin Buhari da Muslim, kuma kowane ɗan Islamiyya ya san shi. In ka san ba za ka iya feshin asuba da na magariba ba har tsawon rani, ko kana yawan tafiya babu mai tsaya maka, ka ɗauke ta tun tana da ƙarfinta, ka mayar da ita lambun da ka kamo ta, ka ɗora ta a kan reshe mai ganye da yamma.