Tukuici a Kan Shaida: Abin da Kimiyya da Doka Suka Ce

Gabatarwa

A kasuwar zamani, mai saye kan duba abin da waɗanda suka riga shi saye suka faɗa kafin ya zare kuɗinsa. Shaguna da yawa a intanet suna ba abokan ciniki damar auna kaya da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Da yake wannan shaida tana jawo ciniki, wasu kamfanoni kan ba da tukuici, kamar rangwame ko kyautar kaya, ga duk wanda ya bayyana ra'ayinsa. Tambayar wannan darasi ita ce: yaushe tukuici yake halas, yaushe kuma yake zama yaudara?

Matsalar ta Fuskar Kimiyya

Masanin halittu da ke son sanin girman kifayen wani tafki ba zai iya kama su duka ba, sai ya ɗebi samfuri. Idan ramukan komarsa manya ne, ƙananan kifaye za su zille, sai ya yanke hukuncin cewa tafkin cike yake da manyan kifaye. Awonsa daidai ne, amma samfurin ya karkata.

Haka abin yake a ciniki. A ƙaddara mutum 100 sun sayi sabulu, 60 sun gamsu, 40 kuma ya yi musu ƙaiƙayi. Idan kamfani ya ce sai wanda ya ba da taurari biyar zai sami kyauta, waɗanda suka gamsu za su yi tururuwa, sauran kuma su yi shiru ko su yabi abin da ya cuce su. Mai saye na gaba zai ga yabo zalla, alhali mutum 4 cikin kowane 10 sun koka.

Akwai karkata ta biyu, wadda take cikin zuciyar ɗan Adam. Hausawa na cewa in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ko da ba a gindaya sharaɗi ba, wanda ya karɓi kyauta yakan ji nauyin kushe mai kyautar. Irin wannan rauni ne ya sa a gwajin sabon magani ake ɓoye wa majiyyaci da likita duka wanda aka ba maganin gaske da wanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta.

Abin da Doka ta Tanada

A Amurka, hukumar tarayya mai kula da cinikayya, wato FTC, ta kafa wata ƙa'ida da ta fara aiki a watan Oktoba na 2024. Ƙa'idar ta haramta ba da lada bisa sharaɗin a rubuta yabo ko suka, kuma tarar kowane laifi tana iya wuce dala 50,000. Lada a kan bayyana ra'ayi kawai ba a hana shi ba, amma hukumar ta daɗe tana buƙatar a sanar da jama'a duk wata alaƙa tsakanin mai shaida da kamfani. Tun a 2022, kamfanin tufafi na Fashion Nova ya amince ya biya dala miliyan 4.2 bayan hukumar ta zarge shi da ɓoye ra'ayoyin da ba su kai taurari huɗu ba.

A Birtaniya, wata doka ta 2024 ta haramta shaidar ƙarya da kuma ɓoye cewa an ba mai shaida lada. Wannan sashe ya fara aiki a Afrilun 2025, kuma tara tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya. Tarayyar Turai kuwa, tun daga 2022, ta wajabta wa mai shago ya bayyana ko yana tabbatar da cewa masu shaidar sun sayi kayan, da kuma yadda yake yin hakan. A Nijeriya, dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018 ta hana yi wa mai saye bayanin yaudara, kuma hukumar FCCPC ce ke aiwatar da ita.

Kasuwannin intanet ma suna da nasu sharuɗɗan. A 2016 Amazon ya hana ba da kaya kyauta ko a kan rangwame don a rubuta ra'ayi, sai ta hanyar shirinsa na Vine, ko kuma a kan littattafai.

Kammalawa

Ƙa'idoji uku ne suka fito fili. Na farko, lada ya zama ɗaya ga mai yabo da mai suka. Na biyu, a bayyana wa jama'a cewa an ba da lada. Na uku, kada a share ra'ayin da bai yi wa kamfani daɗi ba. Ɗalibi zai lura cewa waɗannan su ne ɗabi'un da ake koyarwa a ɗakin gwaji: a ɗebi samfuri ba da son rai ba, a faɗi wanda ya ɗauki nauyin bincike, a kuma rubuta kowane sakamako ko da ya saɓa wa abin da aka yi zato.

Aikin Aji

1. Bayyana yadda misalin koma da kifaye ya yi kama da tukuici mai sharaɗi.
2. Wani kamfanin man shafawa ya ba kowane mai shaida katin waya, bai kuma sanar da jama'a ba. Wace ƙa'ida ya karya?
3. Ɗalibai su tsara hanyar jin ra'ayin 'yan makaranta game da abincin ɗakin cin abinci, yadda kunyar masu dafa shi ba za ta karkatar da amsa ba.