Matakan Zuwa Kallon Coldplay a Wembley ga Baƙon Landan

In karatu ko neman halali ya kai ka Ingila, ba za ka daɗe ba sai ka ji abokan aiki suna zancen wasan mawaƙa a filin Wembley. A 2025 ƙungiyar Coldplay, wadda Chris Martin ke ja wa baki, ta yi dare 10 a wannan fili mai cin mutum 90,000. In ranka ya biya ka ga irin wannan taro, ga hanya.

Mataki na 1: Tikiti. Ana sakinsa tun saura watanni, kuma kafin ka ce kwabo ya ƙare. Buɗe asusu a Ticketmaster da wuri, ka shigar da katin banki, ka zauna gaban kwamfuta kafin lokacin ya cika. In bai samu ba, leƙa Twickets, inda wanda ya fasa zuwa ke sayar da nasa ba tare da ɗora riba ba. Amma don Allah kada ka tura wa wanda ba ka sani ba kuɗi don ya nuna maka hoton tikiti a Facebook. Na taɓa ganin wata yarinya a bakin ƙofa, wayarta a hannu, na'ura ta ƙi karɓar nata, tana ta share hawaye da bakin gyale.

Mataki na 2: Tsaye ko zaune? Tsakiyar fili ya fi kusa da dandamali, sai dai akwai turereniya, ga giya da kan fantsamo wa mutum a riga. A ganina, mai zuwan farko ya nemi kujera.

Mataki na 3: Sallah da ciki. Nan ne namu suka fi yin sakaci. In wasan a ƙarshen Agusta ne, magariba kan faɗi wajen ƙarfe 8, daidai lokacin da wasa ya fara zafi. Ka sauke azahar da la'asar tun a waje. Akwai babban masallaci a titin Ealing Road, kusa da tashar Wembley Central, ga gidajen abinci jere a unguwar. Ci ka ƙoshi, ka shiga da alwalarka, sannan da isarka ka tambayi ma'aikata inda za ka keɓe ka yi magariba.

Mataki na 4: Kaya. Jakar da ta wuce girman takardar A4 ba ta shiga, kuma ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, sai kati. Cika waya da caji, tunda tikitin a cikinta yake. Riƙe rigar ruwa da abin toshe kunne.

Mataki na 5: Hanya. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na Jubilee ko Metropolitan, ka sauka a Wembley Park, ka bi ayari ta Olympic Way.

Mataki na 6: A ciki. Isa da wuri ka ga masu buɗe fage. 'Yar Najeriya Ayra Starr ta taɓa buɗe wa Coldplay wasa, Burna Boy kuma yana cikin waƙarsu "We Pray". A ƙofa za a ba ka wani warwaro mai fitila. Da duhu ya shiga, sai warwaron kowa ya kama a lokaci guda, ja, shuɗi, rawaya, har ka ga hannun tsohon da ke kusa da kai yana walƙiya tare da naka. A wannan lokacin mayar da waya aljihu, ka kalla da idonka. Da an tashi ka mayar musu da abinsu, ana sake amfani da shi.

Mataki na 7: Komawa. Ana tsayar da jama'a rukuni-rukuni a hanyar tasha, don haka fita na cin lokaci. In a wajen Landan kake zaune, kamar Birmingham, duba lokacin jirginka na ƙarshe tun kafin ka biya kuɗin tikiti.