Baƙon da ke Bakin Ƙofarka

Karatu: Luka 10:25-37
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:2

Hanyar da ta gangara daga Urushalima zuwa Yariko ta yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi. Mu da ke bin hanyar Talata Mafara zuwa Maradun ko Bakura mun san irin wannan hanya. Mun kuma san mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, mata da goyo, tsofaffi da yara, suna kwana a kangwaye da tashar mota, sun bar gonaki da rumbuna a baya.

A cikin misalin da Yesu ya bayar, firist da Balawe sun ga mutumin kwance jina-jina, suka ratse suka wuce. Basamariye ne ya tsaya, shi da mutanensa ba sa ga maciji da Yahudawa. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu, ladan aikin kwana biyu ke nan. Bai tambayi ƙabilarsa ko addininsa ba.

Abubuwa biyu ne sukan hana mu yin haka. Na farko tsoro. Mukan ce, "Wa ya sani ko ɗan leƙen asirin ɓarayi ne?" Tsoron yana da dalili, Ubangiji kuma ya umarce mu mu yi wayo (Matiyu 10:16). Idan za ka ba baƙo wurin kwana, sanar da fasto da mai unguwa tukuna. Amma ruwan sha da kwanon tuwo ba sa jiran bincike.

Na biyu rashi. Gwauruwar Zarefat ba ta da komai sai ɗan gari da ɗan mai, duk da haka ta fara toya wa Iliya, baƙo daga wata ƙasa. Garin bai ƙare ba, man bai ƙafe ba (1 Sarakuna 17:8-16). Allahn nan bai sāke ba!

Ka tuna, Yesu kansa ya yi gudun hijira zuwa Masar yana jariri (Matiyu 2:13-15). A ranar shari'a, abin da muka yi wa baƙo zai lissafta shi kamar shi muka yi wa (Matiyu 25:35-40).

Tambaya: Wane mabukaci ka ratse ka wuce a makon nan? Me ya hana ka tsayawa?

Abin yi: Kafin Lahadi, ware tiya ɗaya ta gero, ko zane, ko tabarma, ka kai wa iyalin da suka yi gudun hijira, ko da ba masu bi ba ne.

Addu'a: Ya Uba, ka cire tsoro da taurin zuciya daga cikina. Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe idanuna in gane wanda ka aiko mini. Ka mai da salama a ƙasar Zamfara, ka komar da korarru gidajensu. Cikin sunan Yesu. Amin.