Amsoshin Tambayoyinku: Takardun Tarihin Noma

Malam Audu daga Bichi yana tambaya, shin akwai inda aka adana labarin noman kakanninmu a rubuce?

To, Malam Audu, alhamdu lillahi akwai, domin a Gidan Adana Takardun Tarihi da ke Kaduna za ka tarar da rahotannin da Turawan mulki suka rubuta sa'ad da suke kewaya gundumomi don ƙiyasta haraji, suna lissafa gonakin gero da dawa, da shanun jangali, har da bunƙasar gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Amma fa rahotannin nan na haraji, Malam, sai an karanta su da tahƙiƙi, saboda talaka ba ya bayyana wa mai haraji dukan abin da ke rumbunsa.